Tambayar da Na Yi wa Mai Zanen Filin Golf

Ba na jin zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanen Sanusi a Bakura. Tare muka yi karatun injiniya da Sanusi, kuma ni nake gaba da shi a aji (wannan ko shi ba zai musa ba). Yau ga ni a Talata Mafara ina gyara wa manoman shinkafa hanyoyin ruwa, shi kuwa yana ƙasar waje yana zana filayen golf, wasan nan da manya ke dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

Da na isa rumfar walimar, na tarar an yi masa zobe. Yana nuna hotunan wani filin da ya zana a wayarsa: ciyawa kore shar, tafkuna kamar an goge su da tsumma. Kawuna Alhaji Garba, da ya taso tun daga Maradun, sai da na gaishe shi na sake gaishe shi sannan ya amsa, idonsa na kan wayar.

Na kutsa ciki, na gyara zaman hula, na yi gyaran murya irin ta masana.

"Injiniya, waɗanga ramukan yashi fa? Ɗan kwangila ne ya gudu bai cike su ba?"

Sanusi ya yi murmushi. "Da gangan muke haƙa su, abokina. Tarko ne, don mai wasa ya yi tunani kafin ya buga."

Aka ɗan yi dariya. Da ina da hankali, da nan na tsaya. Ina! Sai na karɓe wayar, na yi ta jan hoton ina neman aibu, har na hango wata magudana da ta lanƙwashe ta bayan tudu. Zuciyata ta yi fari.

"To wagga fa? Ruwa miƙaƙƙiyar hanya yake so. Duk wanda ya zana wannan bai san aikinsa ba. Mi ya sa ka yi ta haka?"

Ya dube ni da tausayi (gara ma a zage ni da irin wannan kallo).

"Ai taka ce," in ji shi. "Zanen da ka yi a shekararmu ta ƙarshe, don rage gudun ruwa kada ya zaizaye ƙasa. Shi na tuna na ɗora a nan. Duk inda aka yaba ta, sunanka nake faɗa."

Sannan Kawu Garba ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ashe kai ma ka taɓa yin basira, ɗana."

Ban iya cin naman walimar ba, ga shi kuwa an soya shi da kyau. Tun daga ranar, duk lokacin da hassada ta motsa mini, sai in fara bincikawa tukuna, kada abin da zan kushe ya zama nawa ne.