Hoton da Ya Tara wa Mama 'Yan Makoki

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa surukata hotonta a unguwar Yelwa ba. A lokacin ba ta zama surukata ba tukuna. Neman 'yarta Rahila nake yi, kuma Mama Tabita ba ta ɓoye cewa ban kwanta mata a rai ba. Laifina ɗaya ne, zane. Ni malamin makaranta ne, amma duk wanda ya san ni a Jalingo ya san ni da fensirin gawayi a aljihu da baƙaƙen yatsu. Mama ta taɓa ce wa Rahila, a gabana kuwa, "Babban mutum yana zauna yana zana mutane kamar yaro na firamare, shi ne kina so ki aura?"

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Sai na ƙudura a raina cewa da zanen nan da ta raina zan rufe mata baki.

Ana cikin haka ta kwanta rashin lafiya, aka kai ta asibiti, jiki ya yi tsanani har aka fara sanar da dangi. Na roƙi Rahila ta turo mini hoton Mama ta waya. Na ce zan zana shi babba, in Allah ya tashi kafaɗunta in kai mata a matsayin barka.

Matsalar ita ce lokaci. Da safe ina makaranta, da yamma ina bin gidaje a Abbare ina yi wa yara lesin, ranar Asabar ga koyon waƙa a coci. Don haka a gutsure aka yi hoton Mama. Idanunta a ɗakin malamai na zana su, ina yi ina cin gyaɗa. Hancinta a bayan aji, yara suna rubuta jarrabawa (Allah ya yafe mini, ranar an yi satar amsa son rai, ni ina can ina fama da hanci). Ban sa kala ba, domin kala tana son nutsuwa, ni kuwa ba ni da ita. Baƙi da fari na yi, na rubuta sunanta a ƙasa da manyan haruffa.

Ranar Litinin Rahila ta kira ni ta ce an sallamo su da sassafe. Ana tashi daga makaranta na ruga wurin mai firem. Baƙin firem kaɗai ya rage masa, sai ya manna mini furen roba a kusurwa, ya ce kyauta ce. Na yi ta godiya. Ina sanye da baƙar kwat ɗin da shugaban makarantarmu ya wajabta wa malamai duk Litinin (har yau ina jin haushin mutumin nan), ga mura tana cin ƙaniyata, idanuna sun yi jawur.

Mai keke ya sauke ni a bakin titi, ya ce ruwan sama ya cinye layin, ba zai shiga ba. To gilashi ne a hannuna, ƙasa kuma duk taɓo. Sai na rungume hoton a ƙirji da hannu biyu, fuskar Mama tana kallon gaba, na sunkuyar da kai ina duba inda zan sa ƙafa. Ina tafiya a hankali, ina jan hanci.

In ka taɓa zuwa jana'izar Kirista a garin nan, ka riga ka ga abin da ni ban gani ba. Haka ake ɗaukar hoton mamaci a gaban akwatin gawa, babu ragi babu ƙari. Ni kaina na sha bin bayan irin wannan hoto ina waƙa. Amma ranar hankalina yana can wurin yabon da zan sha. Mutanen layin kuwa ba su san an sallamo Mama ba, labari na ƙarshe da suka ji shi ne jiki ya ƙi.

Maman Bulus mai tuyar masa ce ta fara hango ni. Ta yar da ludayi, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Mama Tabita ya tafi! Jama'a, ya tafi!"

Na ɗaga kai zan ce mata a'a, sai atishawa ta shaƙe ni, hawaye suka zubo. Shi ke nan, na tabbatar musu. Mata suka fito daga kowane lungu suka jeru a bayana, matan zumunta na coci suka ɗauki waƙa. Wani dattijo Bafulatani mai shago ya dafa kafaɗata yana cewa, "Sai haƙuri, Malam, duniya ke nan." Ina ta cewa tana da rai, amma mura ta cinye mini murya, ba mai ji na. A gefe na ji wata tana waya da yayan Mama da ke Lau, tana cewa, "Kawu, ka taso yanzu yanzu."

Ihun ne ya fito da Mama. Ta ɗaga labule da kofin kunu a hannu, ta tsaya. Waƙa ta yanke. Wasu suka ja da baya, Maman Bulus ta zauna daɓas a cikin taɓo. Mama ta dubi taron, ta dube ni, ta dubi kanta a cikin baƙin firem da fure. Rahila tana bayanta ta toshe baki da ɗankwali, dariya tana neman ƙwace mata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, da ƙasa za ta tsage da na shige har da hoton.

"Malam," in ji Mama, "wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama. Barka na zo yi miki."

"Haka ake barka a gidanku?"

Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta daɗe tana kallonsa, ni kuwa ina jiran ta kore ni har abada.

"Ni ne kam," ta ce. "Har tabo na goshi ya sa." Sai ta juya wajen matan tana nuna su da kofi. "Maman Bulus, na ga kukanki, na gode. Ke kuma Laraba, idonki a bushe, na gani."

Kawu ya iso kafin faɗuwar rana, da akuya da buhun masara na ciyar da 'yan makoki, domin ba wanda ya tuna ya sake kiransa. Ya tarar da gawa tana shan rake a tsakar gida. Bayan ya gama faɗa, Mama ta nuna ni a lungun da na maƙale.

"Tunda ka zo, ka duba yaron da yana neman Rahila. Hankali bai ishe shi ba, amma hannunsa yana da kyau, kuma ya tsaya bai gudu ba. Ku sa rana."

Hoton kam ba ta rataye shi ba. Ta naɗe shi a zani ta tura ƙarƙashin gado, ta ce in ranar ta zo ni zan ɗauka, tunda na riga na yi gwaji.

Har yanzu ina zane a ɗan lokacin da na samu. Sai dai na koyi cewa kafin ka kai wa mutum kyauta, ka fara tunanin yadda 'yan layinsu za su gan ka. Yanzu a cikin buhu nake kai hoto, a hammata, ina tafe ina washe baki. In mai hoton ya taɓa kwanciya asibiti kuwa, sai dai ya aiko a karɓar masa.