Ƙyallen da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikar Hajja Kaltum ba, ko da Allah zai ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na riga na ci. Ran nan ne wani ƙyalle da bai kai tafin hannuna ba ya kwance mini zani a gaban matan ƙauyenmu kaf.

Ku da ba ku san ni ba, ni ce matar da tun daga nan har kasuwar Hajj Abdalla ake cewa zuciyarta dutse ce. Na tsinci auduga a hawasha, gonarmu ta noman rani, da ciki tsoho, na binne miji, na kashe maciji da murfin tukunya. Asibiti kuwa sai dai in je dubiya. (Ni ce dai na fi kowa yaɗa wannan labari, amma ai gaskiya ne.)

Jikata Samiya ce ta jawo mini. Tana karatu a jami'a a Wad Madani, ga ta a shekarar ƙarshe. Wata rana ta sauko daga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, da wani baƙin ƙyalle a cikin leda, tana riƙe da shi kamar jariri.

Na ce, "Wanga tsumman fa? Na shafa wa kaskon kisra mai ne?"

Ta ce, "Habboba, ki rufa mini asiri! Batir ne." (Habboba kaka ke nan a bakinmu.)

Na san batir. Na rediyon marigayi ma na nan, mai tauri kamar ƙashi. Amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani: audugarmu ce ta Gezira, aka shafe ta da gawayin ɓawon gyaɗa da wasu magunguna nasu, aka rufe da wata fata siririya. Yana shan wuta daga sola ya riƙe, kamar yadda tulu ke riƙe ruwa, sai dai shi ana naɗe shi, ana lanƙwasa shi. A jikinsa akwai wani ɗan abu kamar maɓalli da ke sauraren bugun zuciya. In zuciyar tsoho ta yi gudu fiye da kima, sai ya yi kuka, mutanen gida su kawo ɗauki. Ta ce batir mai tauri yana cin fatar tsofaffi, shi ya sa suke cire shi su jefar.

Matsalar ita ce, duk ƙyallayen da ta yi a baya da an matse su suke mutuwa. Wannan ne na ƙarshe, kayan haɗinta sun ƙare. Malamanta sun ce sai ta nuna ya jure a jikin mutum mai aiki, in ba haka ba ta sake shekara.

"Kuma ba na da wadda ta fi ki wahalar da tufa, Habboba."

Na yarda, amma na ce ba zan ɗaura a hannu ba, matan ƙauye su ce Hajja ta fara ciwo. Na ɗauko allura na ɗinke shi ta gefe-gefe a cikin rigata, daidai ƙirji. Ɗinkina kuwa kun san shi. Rigar kan mutu, ɗinkina na nan. Samiya ta ce in sassauta don a iya cirewa, na ce ta je ta koya wa tsararta.

To, kwanaki ina yawo da shi. Na yi daka, na tuƙa asida, na sunkuya a bakin tur'a, inda ruwan noma ke gudu, na yi wanki. Shiru. Wani yaro mai raksha ya kusa kifar da mu a rami, matan ciki na salati, ƙyallena ko tari bai yi ba. Nan ne Shaiɗan ya shige ni. Ni da na ɓoye shi don kada a sani, ni ce na bi gida-gida ina shan jabana, gahawarmu, ina shela.

"Kun ga wanga abu? Ba ya kuka sai zuciya ta girgiza. To, yanzu ilimin jami'a ma ya shaida: ba abin da ke girgiza tawa."

Hajja Kaltum, ƙawata tun muna 'yan mata (kuma ba wanda ya kai ta son ganin bayana), ta kurɓi kofi ta ce, "Allah ya kai mu, Hajja."

Allah kuwa ya kai mu. Ranar bikin jikarta, dangin ango suka iso daga Sinja. Muna rumfar mata, ni a kan angarib na gaba, gadon igiya da ake ajiye wa manya, na yafa tob ɗina mai ruwan hoda, turare na tashi. Bayan an ɗaura aure a masallaci, aka ce dattawan ango za su shigo su gaishe mu su yi addu'a, kamar yadda aka saba.

Na gaba a cikinsu Hajj Adamu ne.

Sai na ɗan koma baya. Wannan Adamu ya neme ni muna yara, lokacin tsintar auduga. Ranar da ya zo tafe da kwalliya don ya burge ni, jakinsa ya watsa shi cikin tur'a a gaban idona. Na yi dariya har na zauna, na ce ba zan auri wanda jaki ya raina ba. Ya tattara ya koma Sinja. Tun ran nan ba bikin da ban ba da labarin nan ba, har kwaikwayon yadda ya fito da ciyawa a ka nake yi. Ban sake ganinsa ba.

Ni ina zaton zan ga wani ɗan tsoho a tanƙware. Sai ga mutum tsaye cak, jallabiya fara ƙal, rawani ya zauna, gemu kamar audugar fari. Ya dube ni ya yi murmushin nan nasa na gefe ɗaya.

"Hajja. Har yanzu kina nan da tsiwarki?"

Kafin in buɗe baki, liman ya ɗaga hannu don addu'a. Rumfa ta yi tsit.

Tit. Tit. Tit.

Da farko na waiga, kamar ina neman mai wayar da ba ta da tarbiyya. Amma kukan daga ƙirjina yake fitowa, kuma duk matar da ke rumfar ta san ma'anarsa, domin ni da bakina na koya musu. Na dafe ƙirji kamar addu'a ce ta ratsa ni. Tit-tit-tit. Na cusa hannu ƙarƙashin tob na naɗe shi biyu. Na naɗe huɗu. Na murɗe shi kamar ina matse wanki. Na ɗauki kofin ruwa na yi kamar ya suɓuce mini a ƙirji. Wallahi kamar ƙara masa ƙarfi nake yi. Na ja shi don in fizge, ɗinkina ya ce bai san zancen ba.

Aka shafa Fatiha, kafaɗun mata na rawa. Kusa da ni akwai almakashin da aka yanka zaren lalle da shi. Na ɗauka. Yanka ɗaya, in huta.

Sai idona ya faɗa kan Samiya. Tana tsugune bayan masu raba shayi, ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na zuba. Ba dariya take yi ba. Yarinyar nan ta ga an naɗe ƙyallenta, an murɗe, an jiƙa, yana nan da rai. Sannan ta ga almakashi a hannuna, fuskarta ta canza.

Na ajiye almakashin. Na gyara zama na bar shi ya yi ta kukansa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ashe Hajj Adamu kunnensa ya yi nauyi.

Ya ce, "Wane tsuntsu ne wanga ke kuka?"

Kaltum ta miƙe, ita da ke cewa gwiwa ta hana ta tashi. "Ba tsuntsu ba ne, ya Hajj! Na'ura ce! In zuciyarta ta buga da ƙarfi take kuka!"

"Na'am?"

"ZUCIYARTA! TUN DA KA SHIGO TAKE BUGAWA!"

Har mazan da ke waje sun ji. Wata ta rangaɗa guɗa. Na ce, "Zafi ne! Hayaƙin turaren nan ne!" Abin ya amsa mini: tit-tit-tit-tit.

Kaltum ta ce, "Raksha ta kusa kife ku, bai yi kuka ba. Hala hayaƙin daga Sinja ya zo."

Hajj Adamu ya tsaya yana kallona, sannan ya juya wajen Samiya. "Ɗiyata, ke kika ƙera shi? Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki ɗinka mini irinsa. Da ina da shi tun ranar da na fito daga tur'ar nan, da mutanen Sinja ba su yi barci ba har yau."

Rumfa ta kece. Ni kuwa na ja tob na rufe fuska, abin da ko ranar aurena ban yi da gaske ba.

Samiya ta ci jarrabawarta. Ta ce da malamai suka tambayi yadda aka gwada ƙyallen, ta ce musu wata dattijuwa ce ta yi iya ƙoƙarinta ta kashe shi ta kasa. Na ce in ta kuskura ta faɗi dalili, sai na tsine wa digirin. Yanzu tsofaffi da dama a ƙauyen nan suna jiran nasu, har da Kaltum, kuma ina nan ina jiran ranar da nata zai yi kuka.

Yaran unguwa kuwa, in na wuce, sai in ji "tit-tit" a bayana. Labarin jaki na daina ba da shi. Duk ranar kasuwa kuma sai motar Sinja ta sauke kwandon ayaba a ƙofar gidana, ba a faɗin wanda ya aiko. (Ina ci. Ayaba ba ta yi mini laifi ba.)

Abin da na koya shi ne, in za ki yi wa mutane alfahari da zuciyarki, kada ki ɗinka mata baki. In kuwa ya zama dole, ki yi ɗinkin sako-sako. Nawa yanzu da igiya nake ɗaura shi, kuma da na ji ƙugin motar Sinja nake kwancewa in tura shi ƙarƙashin matashi.