Sa Hannun Dakta Mu'awiya

Ni dai kun sani aji ɗaya na yi a Poli na ga malaman ba za su iya da ni ba, na bar musu makarantarsu. Amma a ƙungiyarmu ta masu rubuta manhajar rabon ruwan noman rani, har masu digiri biyu sai sun gyara zama idan na shigo. Manhajar nan a buɗe take, duk mai so ya leƙa cikinta ya kawo gyara. Ita ke gaya wa kowane manomi ranar da za a sakar wa gonarsa ruwa. Shugabanmu Injiniya Hambali shi ya rubuta mana doka da hannunsa: ba gyaran da zai shiga sai mutum biyu sun sa hannu. To gyaransa kullum cikin minti ɗaya yake wucewa, domin mataimakinsa, wani Dakta Mu'awiya da aka ce yana Malesiya, ba ya ɓata lokaci. Ba wanda ya taɓa ganin ko hularsa. Da haka aka wayi gari gonar surukin Injiniya tana shan ruwa sau uku a mako, tumatirin Hajiya Tabawa kuwa ya kwanta kamar mai zazzaɓi.

Manoma suka ce ko a yi bayani ko kowa ya goge manhajar daga wayarsa. Aka kira taro a gindin darbejiyar ofishin ƙungiya. Injiniya ya miƙe da babbar riga, ya ce shi ba ruwansa, Dakta ne ya duba gyaran ya ce lafiya lau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ga jama'a, bari mu gaisa da Dakta mana."

Ya ce, "Kai Gambo, ka san ƙarfe nawa yanzu a Malesiya? Mutumin yana ɗakin bincike, ba ya ɗaukar waya."

Na ce, "Ai ba kira zan yi ba, ɗan saƙo ne ta cikin manhaja." Na rubuta "Salamu alaikum Dakta," na danna.

Sai ga aljihun Injiniya na dama ya ce ƙilin.

Na sake turawa. Ƙilin. Don kada a ce ban tabbatar ba, na jera guda bakwai. Aljihu ya yi ta kuka kamar an kaɗa ƙararrawar firamare, wani tsoho har sai da ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa don dariya.

Injiniya ya share zufa ya ce, "Ajiyar wayarsa ya ba ni kafin ya tafi."

Hajiya Tabawa ta gyara mayafi ta ce, "To Injiniya, mun ji. Ka miƙa wa wani makullin manhajar, ka huta."

Ya ɗaga takardar dokar ƙungiya sama ya ce, "Hajiya, a bi tsari. Sashe na huɗu ya ce ba a sauke shugaba sai mataimakinsa ya amince. Sai ku jira Dakta Mu'awiya ya dawo."

Ta ce, "Jiran me kuma, ɗan nan? Zaro shi daga aljihu mu tambaye shi."