Yadda Bikin Miri Ya Shanye Cajin Motata

Ko na so in manta da ranar jeren Hauwa, dangi ba za su bari ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure sai wani ya ɗauko zancen, ni kuma in yi dariyar yaƙe in ce ai ya wuce. Bai wuce ba.

A shekarar da na sayi a-kori-kura mai aiki da lantarki abin ya faru. Kayan gini nake sayarwa a nan Bauchi, layin mai ya ishe ni, sai na rufe ido na sayo ta. Fara tas, ba ƙara, ba hayaƙi. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan. In na taso daga shago sai in shigar da ita gida a Ɗan Iya, in jona ta a bango kamar waya. In an kawo wuta ta ci, in an ɗauke ta jira. Da unguwa ta ɗauki ihun "An kawo!" mata su nufi firji, ni in nufi mota da gudu, wani lokacin takalmi ƙafa ɗaya. Da na tsaya a nan da ba komai, amma sai na haɗa da cika baki. In na wuce gidan mai na hango abokaina a layi, sai in rage gudu, in sauke gilashi in ce, "Sannunku da aiki!" (Allah Ya yafe min, har hannu nake ɗaga musu.)

Ana haka sai bikin Hauwa ya taso, autar Baffa Sale, ƙanin mahaifina. Baffa manomi ne a Miri, shi ya riƙe ni tun ina firamare, kuma mutum ne da in ya ce la'asar, to la'asar ɗin ce. Ya yi wa dangin ango alƙawari cewa kayan ɗaki za su isa Inkil da la'asar ranar Alhamis, domin mata su yi jere. Daga Miri zuwa Inkil kuwa sai ka ratsa gari gaba ɗaya.

Tun ina yaro duk wani kaya na gidan Baffa, taki ne, masara ce, gadon amarya ne, Malam Ado ke ɗauka a tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda ake jin tahowarta tun daga bakin titi. Ana saura kwana uku, a gaban Malam Ado ɗin, na gyara zaman hula na ce, "Baffa, a bar Malam Ado ya huta. Kayan Hauwa ba za su shiga ɗaki suna warin hayaƙi ba. Ni zan kai."

Baffa ya dube ni ya ce, "To, Allah Ya yi albarka." Malam Ado ya ce, "Allah Ya sa alheri, Alhaji," ya ci gaba da jan carbinsa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, daga ranar aka ɗauke wuta a layinmu, ba a sake kawowa ba. Ranar Alhamis da safe na duba allon mota, caji bai kai kwata ba. Na yi lissafi a tsaye: Miri, Inkil, gida. Zai kai, amma da ƙyar, in ba a taɓa shi ba. Ya kamata a ce na kira Baffa a lokacin. Sai na tuna yadda na gyara hular nan, na mayar da waya aljihu.

Na isa Miri da hantsi, gida ya cika da mata, su ma ba wuta. Ina tsayawa Gwaggo Talatu, yayar su Baffa, ta fito tana kaɗa wayarta.

"Kai, an ce motar taka tana ba da wuta. Gaskiya ne ko irin zancenka ne?"

Irin zancena! Nan take na zaga baya na buɗe mata soket ɗin da ke jikin motar, na jona wayar, ta kawo haske. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Na ce a raina, waya ɗaya me za ta ci?

Wanda ya san gidan biki ya san ba a yi wa mutum ɗaya alheri a tsallake na kusa da shi. In ka ba Gwaggo ka hana matar Baffa, ka tayar da maganar da za a shekara ana yi. Kafin in gama gaisawa da maza, an jawo doguwar igiyar wuta daga mota har tsakar gida. Wayoyi sun yi layi a kan tabarma. Aka jona dutsen guga guda biyu, wai labulayen amarya sun yamutse. Aka jona abin markaɗe. Aka fito da sabon firjin amarya daga kwali, wai a gwada shi, tunda an gwada kuma sai aka cika shi da zoɓo. Mai kiɗa ya kashe janaretansa ya ce ai ga ta Alhaji, ba ƙara. Ni kuwa ina zaune a inuwa ana ta "Sannu Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi," ina amsawa da murmushi.

Bayan azahar motar ta yi abin da ya fi nawa hankali: ta yanke wutar da kanta, domin ta rage na tafiya. Kiɗa ya tsaya cak. Na ji wata daga cikin gida ta ce, "Ayya, ta gaji." Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ruwan shayina ko tafasa bai yi ba."

Wannan "ta gaji" ita ta kashe ni. Na shiga mota, na lalubo inda ake cire wannan tsaro, na cire shi da yatsana. Kiɗa ya dawo, aka yi min tafi. (In ana neman wanda ya yi min wannan aika-aika, ba sai an je nesa ba.)

Ƙarfe uku aka yi lodi. Gado, katifa, kujeru, kwalla, firjin nan mai albarka, aka ɗaure da igiya. Gwaggo ta shige gaba, mata biyu a baya. Na kunna, allon ya yi ja, hoton wani ɗan kunkuru ya fito, alamar caji ya kusa ƙarewa. Na ɗora hulata a kansa. Muka fita ana guɗa, motar tana tafiya a hankali, Gwaggo tana yaba min da natsuwa a tuƙi. Mun kusa hawa babban titi, daidai wata 'yar tudu inda 'yan acaɓa ke tsayawa, ta yi shiru. Da ma ba ta da ƙara, don haka sai da muka fara komawa baya Gwaggo ta gane.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Tana ɗan... hutawa ne."

'Yan acaɓa, Allah Ya saka musu, suka taso su shida. "Alhaji, sa mata giya biyu mu tura, yanzu za ta tashi!" Na ce ba ta da giya biyu. Suka ce to a buɗe gaba a duba fulogi. Na ce ba ta da fulogi. Wani ya ce a kawo galan a sayo mai. Na ce ba ta shan mai. Sai wani dattijo a cikinsu ya tafa hannu ya ce, "To ita me take da shi, bawan Allah?"

Aka yi kiran la'asar ina tsaye a bakin titi da gadon amarya a bayana. Dangin ango suna can Inkil sun buɗe ɗaki suna jira, kuma maganar Baffa ce za ta faɗi ƙasa, ba tawa ba. Wannan ya fi dariyar mutane yi min ciwo. Na ciro waya zan kira Baffa, sai na ji wata ƙara da na sani tun ina yaro tana tahowa daga cikin Miri, da hayaƙinta da komai.

Malam Ado ya tsaya a gefena, ya fito, ya ce, "Sannu da hanya, Alhaji," ya fara kwance igiya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Daga baya na ji cewa tun safe yana bayan gida a gindin mangwaro. Baffa ne ya ce ya zo ya zauna, ya ci tuwon biki, ko da wani abu.

Aka sauke kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a aka mayar motarsa. Gwaggo ta tattara mayafinta ta sauka, ta leƙo ta taga ta ce min, "Ai ka yi ƙoƙari. Zoɓon ya yi sanyi sosai." Kaya suka isa Inkil ana sallame sallar la'asar a wasu masallatan, ba wanda ya ce an makara.

Ni aka bari da mota. Can sai ga Baffa a bayan babur, rungume da janaretan mai kiɗa. Muka jona motar da ba ta shan mai a jikin injin da ke shan mai, yana ta tuttula mana hayaƙi, masu wucewa suna rage gudu suna kallo. Baffa ya shimfiɗa rawaninsa a kan dutse ya zauna kusa da ni, ya ɓare gyaɗa ya miƙo min. Sannan ya ce, "Da ka ce min ba ta ƙoshi ba tun safe, wa zai ji? Ni da kai ne kawai."

Baffa ya rasu yanzu, Allah Ya jiƙansa. Ina kewar wannan zaman na bakin titi fiye da yadda zan iya faɗa, duk da a ranar ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Motar tana nan, tana aiki lafiya, kuma in cajinta ya yi ƙasa yanzu ina faɗa da bakina tun kafin a tambaya. Ce wa gwaggo a'a ne dai har yau ban koya ba. Shi ya sa in za ni biki, adaidaita nake hawa.