Uwar Gagarau Ta Mutu Sau Uku

Duk wanda bai taɓa ganin Farfesa Ban-Manta yana shiga ofis ba, to bai san ƙasaita ba. Tumbi a gaba, tabarau a ƙarshen hanci, mabuɗi rataye a wuya. Farfesan shi ya naɗa wa kansa. "Ban-Manta" kuwa ma'aikata ne suka ƙara masa, don ba ya kai ƙarshen magana bai ce "ni ba na mantuwa" ba. Ya ji sunan, ya ɗauka yabo ne.

Kamfanin nasu yana buga mujallar zane ta Jarumi Gagarau, wanda ke tashi sama yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Sama da shekara arba'in tana fitowa duk wata. Aikin Farfesa shi ne tsare tarihin jarumin, kada abin da aka faɗa bara ya ci karo da na bana. A bayan kujerarsa akwai kabad na ƙarfe, wai duk fitowar mujallar tun ta farko tana ciki. Babu wanda ya taɓa ganin an buɗe shi. Me zai buɗe ya nema, mutumin da ya haddace komai?

Kuma wallahi ya tsare tarihin. A fitowa ta ɗari biyu an guntule wa Gagarau hannun hagu. A ta ɗari biyu da sittin sai ga shi yana tafi da hannu biyu. Wasiƙun masu karatu suka cika tebur. Da wani ne da kunya ta kashe shi, amma Farfesa ko gezau. Ya ɗauki koren alƙalaminsa ya rubuta: "Ya ku masu ƙaramin nazari, wancan Gagarau na wata duniyar ne." Shi ke nan, ya samu magani. Ƙanen jarumin ya girme shi? Wata duniya ce. Tabon goshi ya koma haɓa? Wata duniya ce. Har hatimi ya sa aka sassaƙa masa mai cewa "Asalin Duniya", yana buga shi a kan labaran da ya ce su ne na gaskiya. Kafin a ankara duniyoyi sun kai goma sha bakwai, masu karatu kuwa sai zarewa suke ɗaya bayan ɗaya.

Da fitowa ta ɗari biyar ta matso, mai kamfanin ta kira shi. Mace ce mara yawan magana.

"Farfesa, mutane sun gaji. In wannan fitowar ta sake jawo ƙorafi, kujerarka ta tafi."

Ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mai mura. "Ranki ya daɗe, zan ba su abin da ba su taɓa gani ba. Zan kashe uwar Gagarau. Sai gari ya jiƙe da hawaye."

Tsohon mai zanen kamfanin, wanda kansa ya yi fari a kan wannan teburin, ya ɗago a hankali. "Yallaɓai, kamar na taɓa zana jana'izarta fa. Ko a buɗe kabad ɗin a duba?"

"Baba, kai hannu ne, ni ne kai. Hannu ba ya tuna wa kai abu. Zana."

Baba ya zana. Farfesa ya danna hatimin Asalin Duniya har tawada ta fito ta bayan takarda.

Ranar ƙaddamarwa zauren taro ya cika da masu karatu, wasu da furfura, wasu da 'ya'ya a kafaɗa. Farfesa ya hau dandamali cikin sabuwar kwat da ta matse shi a hammata.

"Jama'a," in ji shi, "shekara ashirin da biyu ina riƙe da rayuwar Gagarau a tafin hannuna. Ba a yi tari a labarin nan ban sani ba. Yau na ba ku mutuwar da za ta girgiza tarihi. Wanda bai zo da hankici ba, ya ari na maƙwabcinsa."

Ya tsaya jiran tafi. Maimakon tafi, wata ma'aikaciyar jinya ta miƙe daga layi na uku, ko kayan aiki ba ta cire ba. A hannunta akwai tsofaffin mujallu biyu a cikin leda.

"Malam, ga fitowa ta ɗari uku da ɗaya. Uwar Gagarau ta mutu a gobara. Ni na karanta wa babana ita yana kwance a asibiti, muka yi kuka tare, kwana tara kafin ya rasu. Ga ta ɗari uku da casa'in, ta mutu a ruwa. Na haƙura. Yau kuma gini ya faɗo mata. Don Allah baiwar Allahn nan me ta yi maka? Mu kuma sau nawa kake so mu yi kukan?"

Farfesa ya gyara tabarau, ya jawo maganinsa na kullum. "'Yar'uwa, da kin zurfafa nazari, da kin gane waɗancan na wata duni…"

Ta ɗaga mujallun sama ta juya bangonsu. A kan kowacce ga hatimin nan ɓaro-ɓaro, Asalin Duniya, ga sa hannunsa a ƙasa da koren alƙalami.

Kai, ranar an yi dariya har da masu riƙe ciki. Wani dattijo ya yi tsaki ya ajiye sabuwar mujallar a kan kujera ya fice, wasu suka bi shi.

Washegari da safe mai kamfanin ta shigo ofishinsa, Baba mai zane na biye da ita. Ta miƙa hannu, ya ciro mabuɗin daga wuya yana gumi. Da kabad ya buɗe sai ga mujallu jere a ɗaure, yawancinsu ko ledar maɗaba'a ba a yage ba. A gefe guda ga gwangwanin sukari da tsohon takalmi ƙafa ɗaya.

Ta miƙa wa Baba mabuɗin. Farfesa ya miƙe zumbur.

"Ranki ya daɗe, shekara ashirin da biyu! Ni ne fa shugaban sashen nan!"

"Har yanzu kai ne," in ji ta, tana buɗe masa ƙofa. "A wata duniyar."