Sunan da Ya Taso Daga Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya gaban surukata a gidan biki a Tamaske, gumi na bin bayana, saboda wani ɗan fim da bai kai tsawon tafasar shayi ba. Kuma ba wanda ya aike ni. Ni na haɗa abina, ni na kai.

Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da ɗiya, furfura ta fara leƙowa, sannan na zauna kan tabarmar yaƙi da jahilci. Da na iya kuwa, ban bar kowa ya huta ba. Buhun taki, kwalin magani, bayan mota, duk sai na karanta da ƙarfi, an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Wadda ta ce na cika tsiya in ce mata ta zo ta karanta in ta isa.

Daga baya wata madam ta zo Kaita tana koya wa mata haɗa bidiyo a salula, abin da ta kira muntaj, don mu riƙa tallar albasa da busasshen tumatir. Sauran mata suka yi talla. Ni kuwa zuciyata na wani wuri.

Ƙannen maigida in sun dawo daga Abijan sukan zo da finafinan ƴan leƙen asiri. Faransancin ba ji nake ba, harbe-harben kuma ciwon kai suke sa ni. Farkon kawai nake so, kafin labari ya soma: duhu, kiɗa mai sanyi, inuwar mutum na tafiya cikin hayaƙi, sunaye na tasowa suna narkewa kamar man shanu a kasko. In na kalla sai in ji kamar na bar jikina bisa tabarma na tashi. Na ce wallahi ni ma sai na yi tafiya cikin hayaƙin nan kafin in mutu.

Na rataya koren zane a bangon ɗaki, don madam ta nuna mana yadda ake cire kore a sa wani wuri a madadinsa. Na ɗauko hoton tabkin Kaita da hantsi, lokacin da ruwan ke kwance da jajayen duwatsu a cikinsa, na sa a bayana. Hayaƙi kuwa turaren wuta ne, na zuba har na ƙware. Na yanka albasa zobe-zobe, na sa zobban suna yawo a sama kamar watanni da yawa sun fito rana guda. Sannan ni: baƙin tabarau, bindiga a hannu, mayafi na tashi a hankali, ina takawa bisa ruwa ƙafata ba ta jiƙewa. (Bindigar muciya ce. A inuwa ba mai ganewa, kada ku yi mini dariya tukuna, da saura.)

Sai sunaye. Na rubuta nawa da farin rubutu. Amma irin wannan fim ba ya tafiya da suna ɗaya, dole a sami namiji. To wane namiji gare ni in ba maigida ba?

Kun san dai yadda muke. Tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa kama sunansa ba. “Maigida” ne, ko “shi”. Inna ma, uwarsa, ba ta faɗa, don ɗan fari ne. Da gemunsa fari fat, “yaron nan” take ce masa. Na zauna da salula a hannu na yi wa kaina fatawa: yatsa ne ke rubutu, ba harshe ba. Na zaɓa masa ruwan zinariya. Na sa sunan ya taso daga ƙarƙashin tabki a hankali, ya tsaya yana ɗigar da haske. Kuma na bar shi ya daɗe, don daɗin kallonsa nake ji. (A nan ba zan rubuta shi ba. Na daddara.)

Ranar bikin ɗiyar taubashiyata Haule, bayan la'asar, mata sun cika ɗaki, maza na rumfa bayan katanga suna shayi. Sai na ga talabijin cikin kayan amarya. Na ce a haɗa ta da salulata, zan nuna musu abin da karatu ke yi. Aka zaunar da Inna gaba saboda idonta.

Kiɗa ya tashi. Da na bayyana bisa ruwa wata ta yi salati, wata ta ce, “Wagga mata aljana ta!” Ni ina tsaye gefe na naɗe hannu, ina jin kamar har yanzu cikin hayaƙin nake.

Farin rubutu ya fito. Inna ta ce, “Ke ɗiyata, mi anka rubuta nan?”

Na karanta sunana da ƙarfi har da na ubana. Aka yi guɗa.

Sai ruwa ya fara motsi, zinariya na tasowa. A lokacin ne kawai hankalina ya dawo jikina. Na miƙa hannu in kashe, ashe Haule ta riga ni ɗaukar abin dannawa. Ta tsayar da hoton cak.

“Wanga fa? Karanta muna, madam.”

“An rubuta Maigida,” na ce.

Haule tare muka fara yaƙi da jahilci, ta gudu tun ana cikin baƙaƙe, amma ɗan abin da ta tsinta ranar ya yi mata amfani. Ta matsa ta dangwala yatsa a gilashi. “Ƙarya kike, baiwata. Maigida da mai ƙafa uku yake farawa. Ina ƙafafun?”

“To ke karanta mana.”

“Ni na ce na iya? Ke ce kullum kike cika muna kunne da buhun taki.”

Da zagina aka yi da na ji sauƙi, don ba a fi ni baki ba. Amma Inna sai ta girgiza kai cikin tausayi ta ce, “Ku ƙyale ta, bayin Allah. Karatun tsufa ne, ba duka yaka shiga ba. Ta yi ƙoƙari.”

Ta yi ƙoƙari! Ni? Duk zaman tabarmar nan, duk dariyar da aka yi mini ina tafiya da allo kamar jikata, a tattara a ce na yi ƙoƙari? Na dubi matan nan, na ga gobe a bakin rijiya an gama da ni. Na dubi rubutun yana ta ɗigar da haskensa. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na faɗe shi. Ba a hankali ba, da muryar da nake kiran awaki.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Daga bayan katanga muka ji, “Na'am?”

Sai ga maigida bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya, kofin shayi a hannunsa, ya tsallake zaure ya shigo cikin mata ba sallama.

“Wa ya rasu?” ya ce. “Ku hwaɗa min, zan iya ɗauka.”

Ɗakin ya fashe. Haule ta faɗi bisa katifar amarya tana dukan cinya. Ni na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Tamaske kuwa dutse ce.

Shi bai iya boko ba. Ya dubi talabijin ya ce, “Wancan mai walƙiya fa?”

“Kai ne, Malam,” in ji Haule tana share hawaye.

Ya daɗe yana kallo. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “A maida shi baya in ga yadda na hito.”

Aka mayar. Ya kalli kansa yana tasowa daga ruwa, Inna na leƙe ta ƙarƙashin mayafi, ni kuma fuskata na cikin labule. Har yau in na wuce matan unguwa sai wata ta yi ƙasa da murya ta ce, “Na'am?”

Ban bar muntaj ba, kada ku zata. Amma na gane dalilin da ya sa ƴan leƙen asiri ke ɓoye sunan nasu, kuma iyayenmu mata sun riga Turawa sanin wannan aikin. In kuwa ya zama dole ki rubuta abin da bakinki ba ya iya faɗa, ki sa ya wuce da sauri, kuma kada ki bar taubashiya kusa da abin dannawa.