Yadda na ɓata neman auren Nura

Da can, in za a je neman aure a danginmu, ni ake sa wa gaba. Yanzu kuwa sai an dawo nake jin labari. Ba zan taɓa manta ranar da abin ya juya ba.

Nura ɗan ƙanina Sani ne, direban bas tsakanin Suleja da Abuja, yaro mai himma. Muka je Kwamba nema masa aure. Ya shigo zaure ya durƙusa ya gaida iyayen yarinyar, kai a ƙasa, murya da kyar take fita, yadda kunya ta tanada. Da ya fita, aka yi shiru. Ni kuwa ba na jure shiru (yawon ƙasashe ne ya ɓata ni).

Na ce, "Kun ga yadda ya shigo? Bature zai ce lackadaisical."

Baffan yarinyar, Malam Garba, ya ce, "Wato me, Alhaji?"

Ai sai na gyara zama. Na ce tsoffin Turawa in abu ya dame su sukan ce "alack the day", wato kaico da wannan rana. Daga nan aka samo sunan mai yawan ajiyar zuciya, aiki na jiransa. Na kawo yadda Larabawa ke faɗa, na ƙara da Faransanci, na ce mu kuma kasala muke cewa. Sani yana ta taka mini ƙafa, ni kuma na ɗauka matsi ne, na matsa masa.

Malam Garba ya gyaɗa kai. "Wato dai yaron malalaci ne."

"A'a, kalmar nake bayani!"

"To, Alhaji, kai ka san ɗanka. Za mu yi shawara."

Na manta cewa a zauren neman aure ba a hira. Duk abin da uba ya faɗa shaida ce.

A hanya Sani ya ce, "Yaya, goro aka ce ka miƙa, wa ya aike ka Ingila?" Nura kuwa ya ci gaba da tuƙinsa.

Na koma Kwamba na ba da haƙuri, amma an riga an ba wani. Nura bai daina gaishe ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar, in an tambaye ni halin yaro, "yaron kirki ne" kawai nake cewa. Sai dai ba a ƙara tambayata ba.